Ko Mutum Zai Iya Rayuwa Ba Ci Ba Sha? Wata Da'awa a Ma'aunin Kimiyya

Gabatarwa

Tun fil azal ɗan Adam ya san cewa rayuwarsa ta rataya ne a kan ci da sha, shi ya sa ma Bahaushe ya ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. To amma duk da haka, kusan kowane ƙarni ba a rasa wasu mutane da kan fito su ce sun yi watanni ko shekaru ba su sa komai a bakinsu ba, kuma ga su nan garau. A ƙarshen ƙarni na 20 wannan da'awa ta zama aƙida sosai a ƙasashen Turai da Amurka da Ostireliya, mai littattafanta da laccocinta da kwasa-kwasan da ake biya da tsada. Mabiyanta sun ce iska da hasken rana sun ishi jiki, abinci kuwa sabo ne kawai da za a iya bari.

Da a ce maganar ta tsaya a fatar baki, da sai a ɗauke ta abin raha. Sai dai ta ci rayuka. Don haka wannan maƙala za ta ɗora da'awar a kan ma'auni, mu ga abin da jiki ke kashewa a kowace rana, da abin da ke faruwa idan an yanke masa abinci, da kuma abin da ya auku a lokutan da aka sa wa masu da'awar ido.

Yarinyar da ta mutu ana kallo

A wani ƙauye na gundumar Carmarthen a yankin Wales na Birtaniya, an yi wata yarinya mai suna Sarah Jacob, wadda iyayenta suka ce ta daina cin abinci tun watan Oktoba na 1867. Limamin cocin ƙauyen ya gaskata labarin har ya rubuta wa jarida, sai jama'a suka riƙa tururuwa daga nesa don su gan ta, suna ajiye mata kuɗi da kyaututtuka. An taɓa sa mutanen gari su yi gadinta na mako biyu, amma gadin ya kasance na jeka-na-yi-ka.

Da gardama ta yi tsanani, sai aka ɗauko ma'aikatan jinya huɗu daga asibitin Guy's na Landan. Suka fara gadi ba dare ba rana a ranar 9 ga Disamba, 1869, bisa umarnin kada su ba ta abinci sai in ta nema. Cikin 'yan kwanaki yarinyar ta fara galabaita. Aka shawarci iyayen da su ba ta abinci, suka ƙi, suna cewa sun sha ganin ta a wannan hali. A ranar 17 ga Disamba ta cika, tana da shekara 12 a duniya. Da likitoci suka binciki gawar sun tarar da kitse a jikinta da sauran alamun da ke nuna cewa tana cin abinci har zuwa lokacin da aka fara gadin. A 1870 kotu ta sami iyayen da laifin kisan kai ba da gangan ba, ta ɗaure uban wata 12, uwar kuma wata 6.

Wato ke nan wadda aka ce ta yi fiye da shekara biyu ba ci ba ta kai kwana tara ba da aka toshe hanyar da abinci ke isa gare ta a ɓoye. Mai karatu ya riƙe wannan, domin zai sake cin karo da irinsa a gaba.

Tsohuwar da'awa a sabuwar riga

A zamanin Sarah Jacob ana danganta irin wannan abu da mu'ujiza. Masu da'awar na baya-bayan nan kuwa sun aro kalmomin kimiyya ne suka yafa, suna maganar makamashi da ƙwayoyin halitta da gado. A Amurka wani mai suna Wiley Brooks ya bayyana a talabijin a farkon shekarun 1980 yana cewa numfashi ya ishe shi, ya kuma kafa cibiyar koyar da hakan. A 1983 aka ruwaito cewa an gan shi yana fitowa daga wani kanti riƙe da kayan ciye-ciye, lamarin da ya sa da yawa daga mabiyansa suka watse.

Wadda ta fi kowa suna ita ce Ellen Greve, 'yar Ostireliya, wadda ta raɗa wa kanta suna Jasmuheen. A littafinta Living on Light, wato rayuwa da haske, ta ce tun 1993 take rayuwa da "prana", kalmar tsohon harshen Sanskirit ta Indiya mai nufin numfashin rai. Ta tsara wani shiri na kwana 21 ga mai son shiga tafarkin. A kwana bakwai na farko babu ci babu sha ko kaɗan, sa'an nan a sauran kwanakin a riƙa kurɓar ruwa da ruwan 'ya'yan itace da aka tsinka. An danganta mutuwar aƙalla mutum uku da wannan koyarwa tsakanin 1997 da 1999: wani matashi malamin makarantar yara a Jamus, da wata mata a Ostireliya, da wata kuma da aka tsinci gawarta kusa da tantinta a tsaunukan Sikotland. A batun matar Ostireliya, kotu ta ɗaure miji da matar da suka kula da ita a lokacin shirin. Ita dai Jasmuheen ta musanta cewa tana da alhaki a waɗannan mace-mace.

Abin da jiki ke kashewa

Domin a fahimci inda da'awar ta karye, sai mu koma Faransa a farkon shekarun 1780. A can ne masana biyu, Antoine Lavoisier da Pierre-Simon Laplace, suka sa ɓeran Masar cikin wani akwati da aka kewaye da ƙanƙara. Suka auna yawan ƙanƙarar da ɗumin jikinsa ya narkar, suka auna iskar kabon-dayoksaid da ke fita daga numfashinsa, sa'an nan suka kwatanta da abin da gawayi ke bayarwa idan yana ci. Sai suka ga lissafin ya yi kusa da juna ƙwarai. Daga nan aka gane cewa numfashi wani nau'in ƙuna ne mai tafiya a hankali: jiki yana ƙona abinci da taimakon iskar oksijin, ya sami kuzari da ɗumi. A shekarun 1890 Max Rubner a Jamus ya tabbatar da haka a kan karnuka, Wilbur Atwater kuma a Amurka ya gina ɗaki na musamman ya tabbatar da shi a kan mutane. Duk sun tarar da abu guda, cewa makamashin da ke fita daga jiki daidai yake da wanda ya shiga ta abinci ko aka ɗebo daga ajiyar jiki. Wannan ita ce ƙa'idar da ta ce ba a ƙirƙirar makamashi daga babu.

Baligi ko da yana kwance bai motsa ba, jikinsa na kashe kalori kimanin 1,300 zuwa 1,800 a yini da kwana, wato irin kalorin da ake rubutawa a jikin gwangwanin abinci. Zuciya na bugawa kusan sau 100,000 a rana, ƙoda na tace jini, ƙwaƙwalwa kuwa ita kaɗai tana cinye kusan kashi 20 cikin 100 na wannan makamashi. Haka kuma dole jiki ya riƙe zafinsa a wajen digiri 37. Ban da wannan, jiki gini ne da ba a daina gyaransa: jajayen ƙwayoyin jini kan yi kwana 120 ne a sake su, fatar cikin hanji kuwa ba ta wuce 'yan kwanaki.

Akwai wani lissafi mai sauƙi da kowane ɗalibi zai iya yi. Iskar da muke shaƙa tana ɗauke da kabon-dayoksaid kashi 0.04 ne kawai cikin 100, amma wadda muke fitarwa tana da kusan kashi 4. Wannan ƙarin kabon daga jikinmu ya fito. Mutum mai harkokinsa na yau da kullum kan fitar da giram 200 ko fiye na kabon a rana ta numfashi. Bari mu yi wa mai da'awar rangwame mu raba biyu, mu ce giram 100. A shekara ya tashi kilo 36 da ɗoriya. Alhali duk kabon da ke jikin mutum mai nauyin kilo 70, haɗe da ƙashi da tsoka da kitse, bai wuce kilo 13 zuwa 16 ba. Ashe numfashin da ake cewa yana ciyar da mutum, shi ne ƙofar da jiki ke zuba ta cikinta.

Iska da hasken rana fa?

Kashi 78 cikin 100 na iska naitirojin ne, wanda ke shiga huhu ya fito yadda ya shiga, domin jikinmu ba shi da hanyar sarrafa shi. Kashi 21 oksijin ne, shi kuwa aikinsa kamar na mafici ne a bakin murhu: yana hura wuta, amma ba ya maye gurbin itace. Babu sukari ko furotin ko maiƙo a cikin iska, balle ƙarfen da jini ke bukata ko alli mai gina ƙashi.

Tsirrai ne Allah ya hore wa haɗa abinci daga hasken rana, ta hanyar koren sinadarin nan kulorofil da ke cikin ganye, kuma su ma sai sun sha ruwa da gishirin ƙasa ta saiwa. Fatar mutum ba ta da wannan sinadari. Abin da take yi da hasken rana shi ne haɗa bitamin D, wanda ke da amfani ga ƙashi amma ba ya ba da ko kalori ɗaya. Mu ɗauka ma fatar ta zama kore. A wuri mai tsananin rana irin Sakkwato ko Agadas, hasken da ke sauka a kan murabba'in mita ɗaya a yini ya kai kalori 5,000. Ɓangaren jikin da zai fuskanci rana bai kai murabba'in mita ɗaya ba, amfanin gona kuma kashi 1 zuwa 2 ne cikin 100 na hasken yake mayarwa abinci. Mutumin da ya wuni tsirara a rana zai tashi ke nan da kalori 50 zuwa 100, abin da bai wuce ɗan dintsin gyaɗa ba, ga kuma gumin da ya zubar.

Idan an daina ci

Jiki yana da rumbu, kuma yana ɗiba daga ciki bi da bi. Da farko hanta kan saki sukarin da ta adana, kimanin giram 100, wanda kan ƙare cikin kwana guda. Daga nan jiki ya shiga narkar da kitse, yana kuma gutsurar tsoka don haɗa sukarin da ƙwaƙwalwa ke nema. Bayan kwana biyu zuwa uku hanta kan riƙa mayar da kitse wasu sinadarai da ake kira kiton, waɗanda ƙwaƙwalwa ke iya aiki da su. A wannan gaɓa ce zafin yunwa kan lafa, har wasu su ji jikinsu sakayau. Nan ne tarkon yake, domin mai bin shirin kwana 21 zai zaci alkawarin da aka yi masa ne ya fara cika, alhali jikinsa ne yake cin kansa.

Mutum matsakaici yana ɗauke da kitsen da ya haura kalori 100,000, abin da zai riƙe shi wajen wata biyu in yana shan ruwa. Tarihi ya gaskata wannan lissafi. A yajin cin abinci na fursunonin Ireland ta Arewa a 1981, mutum goma suka mutu tsakanin kwana 46 da 73, cikinsu har da Bobby Sands wanda ya yi kwana 66, kuma dukkansu suna shan ruwa. Idan kitse ya ƙare sai jiki ya far wa tsoka gadan-gadan, har da ta zuciya da ta numfashi.

Masu da'awar kan kafa hujja da Angus Barbieri, ɗan Sikotland da ya yi kwana 382 bai ci abinci mai nauyi ba, daga 1965 zuwa 1966. Amma labarinsa a kansu yake. Ya fara da nauyin kilo 207 ya gama da kilo 82, wato ya ƙone kilo 125 na jikinsa, kimanin giram 330 a kullum. Yana shan ruwa da shayi da kofi, likitoci a Dundee suna ba shi bitamin da gishirin jiki suna kuma auna jininsa. Rumbunsa ne ya fi na kowa girma, shi ke nan.

Gaskiya ne jiki kan tsuke bakin aljihu idan abinci ya yi ƙaranci. A gwajin da Ancel Keys ya jagoranta a Jami'ar Minnesota daga 1944 zuwa 1945, an rage wa maza 36 kusan rabin abincinsu na mako 24. Makamashin da jikinsu ke kashewa a kwance ya ragu da kusan kashi 40 cikin 100, amma duk da haka sun zubar da kashi ɗaya bisa huɗu na nauyinsu, ga rauni da jin sanyi da baƙin rai. Raguwa ke nan da ke da iyaka.

Batun ruwa ya fi gaggawa. Kusan kashi 60 cikin 100 na jikin baligi ruwa ne, kuma ko ba gumi fiye da rabin lita na fita kullum ta fata da numfashi, ƙoda kuma na bukatar kusan rabin lita don fitar da dattin jini. In an yanke ruwa, jini kan yi kauri, ƙoda ta gaza, mutum ya rikice, kuma galibi ba a wuce kwana uku zuwa mako guda. Ana iya ganin haɗarin shirin da ya buɗe da kwana bakwai ba sha. Har ila yau, wanda ya daɗe cikin yunwa ba a ɗura masa abinci farat ɗaya, domin sinadarin fosfet kan faɗi a jini har zuciya ta tsaya. A asibiti ya kamata a farfaɗo da shi.

Da aka sa musu ido

Gani ya kori ji. A 1999 wani shirin talabijin na Ostireliya mai suna 60 Minutes ya gayyaci Jasmuheen ta nuna abin da take faɗa, ta amince. Aka ajiye ta a ɗakin otal a birnin Brisbane, da masu gadi da likita. Bayan awa 48 alamun ƙarancin ruwa suka bayyana, jininta ya hau. Ta ce gurɓatacciyar iskar birni ce ta hana ta samun abincinta, sai aka mayar da ita wani wuri a kan tsauni. A kwana na huɗu bugun zuciyarta ya kusa ninkawa, maganarta ta yi nauyi, ta zubar da wajen kilo 6. Likitar ta yi gargaɗin cewa ƙodarta na cikin haɗari, aka tsayar da gwajin. Ita kanta ta sha amsawa cewa takan sha shayi ta ɗanɗani biskit ko cakulan, wai don daɗin baki kawai.

Labarin da ya fi rikitar da mutane shi ne na Prahlad Jani, wani mai gudun duniya a jihar Gujarat ta Indiya, wanda ya ce tun 1940 bai ci bai sha ba. An kwantar da shi a asibitin Sterling na Ahmedabad kwana 10 a 2003, da kuma kwana 15 a 2010, likitocin suka ce ba su ga ya ci ko ya sha ba. Sai dai an bar shi yana kuskure baki yana wanka, yana fita shan hantsi, mabiyansa kuma suna zuwa wurinsa. Sanal Edamaruku na ƙungiyar masu bin diddigin irin waɗannan da'awoyi a Indiya ya nemi a bar shi ya duba tsarin gwajin, ba a ba shi dama ba. Ba a kuma buga cikakken sakamakon a wata mujallar kimiyya da masana ke tantancewa ba har mutumin ya rasu a 2020. Sa'an nan ko an karɓi rahoton yadda yake, mako biyu ba ya zama shaidar shekara 70. Bisa lissafinmu na baya, a tsawon wannan lokaci numfashinsa kaɗai zai fitar da fiye da tan biyu da rabi na kabon.

Alamomin kimiyyar bogi

Wannan batu ya tara alamomin da ake gane kimiyyar bogi da su. Ta farko, tana aron kalmomin kimiyya amma ba ta kawo awo. Masanin kimiyya in ya ce makamashi zai faɗi adadinsa da na'urar da aka auna shi da ita, amma babu wanda ya taɓa auna "prana". Ta biyu, ba ta yarda ta faɗi jarrabawa. In gwaji ya ci tura sai a ce iska ce ba ta da kyau, in mabiyi ya mutu a ce bai shirya zuciyarsa ba. Maganar da babu wani sakamako da zai iya ƙaryata ta ta fita daga da'irar kimiyya. Ta uku, hujjarta labarin mutum ne a kan kansa. Ko masu gaskiya ma ba sa iya ƙiyasta abin da suka ci daidai: a wani bincike da aka buga a Amurka a 1992, wasu masu ƙiba da suka ce cinsu bai kai kalori 1,200 a rana ba, da aka auna sai aka tarar sun rage kusan rabin abin da suke ci a lissafinsu. Ta huɗu, a ƙarshen zancen akwai abin sayarwa, littafi ko kwas ko tikitin lacca.

Kammalawa

Kada mai karatu ya haɗa wannan da'awa da azumin ibada. Mai azumin Ramadan yana sahur yana buɗa baki, an kuma yi rangwame ga maras lafiya da matafiyi, har ma an hana jama'a haɗa kwanaki ba tare da buɗa baki ba. Azumi irin wannan ya ginu ne a kan amincewa da cewa jiki na bukatar abinci, shi ya sa barinsa na wasu sa'o'i ya zama horo.

Abin da ya fi ban tausayi a tarihin da muka bi shi ne yadda asarar ke faɗawa. Manyan masu koyarwar sun yi tsawon rai, domin ko dai suna ɗan taɓawa ko kuma an tsayar da gwajinsu kafin ya yi nisa. Waɗanda suka mutu su ne masu zuciya ɗaya da suka ɗauki maganar da gaske suka bi ta sau da ƙafa, ko kuma yarinya irin Sarah Jacob da manya suka sa a gaba. Saboda haka duk wanda ya ga ɗan'uwa ko aboki ya ƙaurace wa ci da sha na kwanaki bisa wata koyarwa, kada ya tsaya gardama da shi, ya gaggauta kai shi asibiti. Wanda kuma aka zo masa da irin wannan labari, ya yi tambaya uku: wa ya auna, da me ya auna, kuma wa ya sake gwadawa ya sami abu guda? Tun daga 1869 zuwa yau, babu mai da'awar rayuwa ba ci ba sha da ya tsallake waɗannan tambayoyi.